Ra'ayi: Kafin ka ɗebi iyali a mota zuwa Damagaram, gwada shirinka ba tare da sabis ba

Duk shekara idan aka ba yara dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, bidiyoyin tafiye-tafiye sukan cika YouTube da TikTok. Za ka ga Bature ya loda matarsa da 'ya'yansa a mota, sun tashi daga Faransa, sun karya kumallo a Beljiyam, sun yi rana a Jamus, bayan kwana biyu kuma ga su a Italiya suna cin taliya. Babu wanda ya tsayar da su ya nemi takarda, ba su canza kuɗi ba, ba su sayi sabon layi ba. Waya ɗaya ce maƙale a gaban direba tana cewa bi dama, bi hagu.

Matashin da ke Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar idan ya kalli wannan, dole ransa ya biya. Mu ma ai muna da inda za mu je. Gidaje da yawa a yankinmu suna da dangi a tsallaken iyaka, a Dungas, a Magarya, a Damagaram. Hajiya ta daɗe tana cewa tana son ganin ƙanwarta, yara ba su taɓa ganin fadar Sarkin Damagaram ba, ga motar Yaya a ajiye. Kuma a kowane gida an san wanda ake miƙa wa irin wannan aiki: kai, mai babbar waya, wanda ake kira idan WhatsApp ya ƙi buɗewa.

Ra'ayina a nan guda ɗaya ne. Duk shirin tafiyar da ba zai yi aiki ba idan sabis ya ɗauke, ba shiri ba ne, fata ne kawai. Waya tana da amfani sosai a wannan tafiya, amma a matsayin rumbun da ka cika tun kana gida. Idan ka ɗauke ta a matsayin jagorar da za ta riƙa nemo maka amsa a kan hanya, to ka rataya lafiyar tsofaffi da yara a kan abin da ba ka da iko da shi.

Abin da ke ɗauke da Bature

Ba manhaja ce ta sauƙaƙa wa mutumin Turai tafiya ba. Google Maps ɗin da ke wayarsa shi ne a wayarka. Abin da ya fi ka da shi yarjejeniyoyi ne da gwamnatoci suka ƙulla, kuma suka tsaya a kansu.

Yarjejeniyar Shengen, wadda aka sa wa hannu a 1985 ta fara aiki a 1995, ita ta cire shingayen bincike tsakanin yawancin ƙasashensu. Kuɗin yuro ya shiga hannun jama'a a 2002. Daga ranar 15 ga Yunin 2017 kuma Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin romin, wato cajin da ake yi wa mutum idan ya yi amfani da layinsa a wata ƙasa, don haka datar da ya saya a gida ita yake ci a ƙasar maƙwabta. Lambar neman agaji ma ɗaya ce, 112. Waya ta zo ne ta hau kan wannan shimfiɗa.

Yanzu dubi tamu shimfiɗar. A takarda, ƙungiyar ECOWAS ta amince tun 1979 cewa ɗan yankin zai iya shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. A ƙasa kuwa, mu mutanen bakin iyaka mun ga abin da ya faru. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu: Seme, Illela, Mfum da Maigatari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ɓangarorin biyu sun ce za a ci gaba da zirga-zirga ba biza, amma makonni kaɗan bayan haka jaridun Najeriya suka ba da rahoton ana mayar da wasu matafiya masu ɗauke da takardar tafiya ta ECOWAS, ana neman cikakken fasfo.

Cikin shekara biyar iyakar garinmu ta rufe sau biyu, kowane karo na tsawon watanni. Babu taswirar waya da za ta gaya maka dokar da ke aiki a bakin iyaka ranar da za ka isa. Layin shuɗi zai ratsa iyakar a allonka kamar babu komai a wurin.

Ƙa'idar masu rubuta manhaja

Mu masu rubuta manhaja muna da abubuwa biyu da muke dubawa kafin mu saki aiki. Na farko, me zai faru idan intanet ya yanke a tsakiyar aiki? Na biyu, akwai wani abu guda wanda idan ya lalace komai zai tsaya? Manhajar da ta faɗi waɗannan gwaje-gwaje biyu ba ta shirya ba, komai kyan fuskarta.

Ka yi wa shirin tafiyarka wannan gwajin. Mako guda kafin tashi, ka sa wayarka a yanayin jirgin sama na awa ɗaya, ka kashe Wi-Fi, sannan ka yi ƙoƙarin amsa waɗannan: ta ina za mu bi daga nan zuwa ƙofar gidan da za mu sauka? Mece ce lambar mai masaukinmu? Ina hoton takardun mota? Da me zan biya mai idan mun tsallaka? Duk tambayar da ta gagare ka a cikin ɗakinka, za ta gagare ka a daji, lokacin da yaro ke kuka, rana kuma tana shirin faɗuwa.

Sannan ka yi gwaji na biyu: ka ɗauka wayar ta faɗa ruwa ko an sace ta a tasha. Me ya rage a hannunku?

Taswira

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne GPS ba ya buƙatar data, ba ya ma buƙatar sim. Wayarka saurare kawai take yi, tana karɓar saƙon taurarin ɗan'adam tana lissafa inda take. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar da ake ɗora ɗigon nan shuɗi a kai. Idan ka sauke zanen tun a gida, ɗigon zai ci gaba da tafiya da kai ko da babu sanda ɗaya ta sabis.

A Google Maps akwai wurin sauke yanki don amfani ba tare da intanet ba. Ka ja akwatin ya haɗa daga Kano har arewacin Damagaram, ka sauke a inda kake da data mai arha. Kada ka tsaya a nan. Ka ƙara da Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda ke amfani da taswirar OpenStreetMap, ka sauke arewacin Najeriya da Nijar. Taswirori biyu daga tushe daban-daban sun fi ɗaya, domin inda suka saɓa wa juna nan ne wurin da ya kamata ka yi tambaya.

Akwai kuma matsalar suna. Garuruwan Nijar da rubutun Faransanci suke a taswira da allunan hanya. Damagaram ita ce Zinder. Tasawa Tessaoua ce, Gazawa Gazaoua, Kance Kantché, Mirya Mirriah, Tawa Tahoua, Dogon Dutsi Dogondoutchi, Yamai kuma Niamey. Dabarar mai sauƙi ce: inda muke rubuta "u" su "ou" suke sawa, "wa" ɗinmu "oua" ne, "c" ɗinmu kuma "tch". Idan ka rubuta sunan da Hausarmu, musamman lokacin da babu intanet, manhajar tana iya cewa ba ta san garin ba alhali yana gabanka. Ka nemo kowane gari tun a gida, ka sa masa alama.

Gidan da za ku sauka kuma, kada ka dogara da kwatancen "bayan masallaci, kusa da mai shayi". Ka ce wani matashi a gidan ya tsaya a ƙofar gida ya turo maka wurin ta WhatsApp, ka kwafe lambobin nan biyu na wurin, ka adana a taswirorin biyu, ka kuma rubuta a takarda.

Sai maganar lokaci. Idan manhaja ta ce awa uku ce tafiyar, lissafin tsawon hanya da gudun mota ta yi. Labarin cunkoso da take bayarwa a manyan birane daga wayoyin mutanen da ke kan hanyar take tattaro shi, waɗanda suka kunna data da wurin zama. A hanyar da motoci kaɗan ne, kuma yawancin fasinjoji datarsu a kashe take, ba ta da mai ba ta labari. Ba ta san zaman da za ku yi a ofishin shige da fice da na kwastam ba, ba ta san shingayen jandarma ba, ba ta san sallah da fitsarin yara ba. Ba ta kuma san cewa ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci ba, ranar da manyan motocin shanu da raƙuma da tumaki ke cika gari. Ni dai shawarata, ka ninka abin da ta faɗa sau biyu, ka tsara isa kafin la'asar.

Wace hanya za a bi? Daga yankinmu ana iya shiga ta Maigatari a nufi Dungas. Akwai ta Baɓɓan Mutum zuwa Magarya, akwai kuma ta Daura da Kwangwalam zuwa Matamai. Manhaja za ta zaɓa maka mafi gajarta. Direban da ya dawo jiya shi zai gaya maka wadda ƙaramar mota mai ɗauke da tsohuwa za ta iya bi a wannan makon. Ka je tasha, ka gaida shugabannin direbobi, ka tambayi mutum biyu ko uku daban-daban. Matambayi ba ya ɓata.

Layi

Kamfanonin waya a Nijar su ne Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda a da shi ne Orange, da Niger Telecoms. Lambar ƙasar +227 ce, lambobinsu kuma guda takwas ne. Ka gyara duk lambobin da za ka buƙata su fara da +227 ko +234, domin lambar da ka adana da sifili a gaba tana iya ƙin shiga idan ka tsallaka.

Tsarin da na fi ganin hikimarsa shi ne waya mai sim biyu. Layin Najeriya ya zauna a ciki don karɓar saƙon banki da lambobin sirrin da ake turowa, amma ka kashe masa datar romin tun kafin ku kai iyaka. Wayar zamani ba ta jira ka taɓa ta: tana sabunta manhajoji, tana tura hotuna ma'ajiyar intanet, tana sauke bidiyon da aka watsa a zaurukan WhatsApp. A kan farashin romin wannan kaɗai ya isa ya cinye kuɗin da ke layin kafin ku sha ruwa. Ka kira kamfanin layinka kafin tafiya, ka tabbatar an buɗe maka romin, ka ji farashin kira da na karɓar kira. Don data kuma ka sayi layin can, da shaidarka a hannu domin sai an yi rajista.

Mutane suna tsoron cewa sabon sim zai goge musu WhatsApp. Ba ya gogewa. Asusunka yana nan a kan tsohuwar lambarka, kuma zai yi aiki da kowace data. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka goge manhajar ko ka sauya waya a can, domin sake shiga yana buƙatar lambar da za a turo wa layin Najeriya. Ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu kafin ka tashi.

Lambobin gaggawa ma sun bambanta. A Najeriya akwai 112, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. A Nijar 17 ce ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana.

Kuɗi

Mun saba fita ba ko sisi a aljihu saboda OPay da Moniepoint da PalmPay. Waɗannan naira suke juyawa a cikin tsarin bankunan Najeriya. A garuruwan bakin iyaka za ka iya samun mai karɓar naira ko taransfa, amma kana yin nisa wannan ke raguwa, mai gidan mai da mai gyaran taya sefa za su nema. A Nijar jama'a sun fi aika kuɗi ta kamfanoni irin su Nita da Amana da Al Izza, masu ofisoshi a garuruwa da yawa. Wannan ita ce hanyarka ta biyu idan kuɗi ya yanke: ka san tun yanzu wa zai iya aiko maka, kuma ta wace hanya.

Ka canza sefa kafin ka tashi, a wurin masu canji na bakin iyaka ko a Wapa idan ka shiga Kano, ka tambayi farashi a wuri fiye da ɗaya. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, naira kuwa tana hawa tana sauka, don haka farashin da wani ya gaya maka watan jiya ba abin dogaro ba ne. Ka nemi ƙananan takardu, ka raba kuɗin gida biyu ko uku a hannun manya.

Ga wani abu da babu manhajar canji da za ta koya maka. A kasuwar Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuma sefa 5 ce. Idan mai tuwo ta ce ashirin, sefa 100 take nufi. Idan aka ce ɗari, sefa 500 ke nan. Jaka ɗaya ita ce sefa 1,000. Hausa ɗaya muke yi da su, amma wanda bai san wannan ba zai yi ciniki da murna, sai an zo biya ya ga kuɗin ya ninka sau biyar.

Mai kuma, ka cika tanki, ka yi lissafi a kan abin da motarku ke sha da kaya da mutane a ciki. A watan Maris na 2025 Nijar ta yi fama da ƙarancin fetur, layuka suka yi tsawo a gidajen mai, duk da matatar Soraz da ke jihar Damagaram. Ka tambayi mai masaukinku halin da ake ciki kwana ɗaya kafin tashi.

Takardu

Hoton takarda a waya ba takarda ba ce. Jami'in da ke bakin iyaka asali yake son gani. Amfanin hoton shi ne ranar da asalin ya ɓata ko ya jiƙe.

Kowane matafiyi ya riƙe fasfo mai sauran wa'adi, yara kuma a haɗa da takardar haihuwarsu. Akwai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad. Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka ba abin da za a bari sai jajibirin tafiya ba ne. Mota tana buƙatar lasisin direba, takardun mallaka, da inshorar da ke aiki a wajen Najeriya. Shekara da shekaru katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa a 1982, shi ke wannan aiki. Tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar, ka tambayi kamfanin inshora da jami'an iyaka abin da ake karɓa yanzu. A ɓangaren Nijar kuma 'yan duwan, wato kwastam ɗinsu, su ke ba da takardar shigar da mota na ɗan lokaci. Idan motar ba da sunan direba take ba, a samu rubutaccen izinin mai ita.

Mu da ke Maigatari muna da gatan da mutumin Kano ko Kaduna ba shi da shi: ofisoshin nan a garinmu suke. Ka taka da ƙafarka mako biyu kafin tafiya, ka yi sallama, ka tambayi abin da ake buƙata a yau. Wannan tafiyar ta minti ashirin ta fi awa biyar na bincike a intanet.

Sannan ka yi kwafi uku na komai: a wayarka, a wayar wani babba da ke cikin motar, da kuma a takarda cikin leda. Hotunan su kasance a cikin wayar kanta, ba a Google Drive kaɗai ba. Idan an miƙo maka takarda da Faransanci, Google Translate yana fassarawa ta kyamara, kuma ana iya sauke Faransanci da Hausa don aiki ba intanet. Magana da baki dai ba matsala ba ce. Tun watan Maris na 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a Nijar a hukumance.

Wuta

Fawa bank mai rubutun 20,000 mAh ba zai cika wayar 5,000 mAh sau huɗu ba. Ana asarar wani kaso wajen sauya ƙarfin wuta da zafi, abin da ke isa wayar bai cika wuce kashi biyu bisa uku ba, idan ma na gaske ne. Ka sa ran caji biyu da rabi. Ka sayi cajar mota mai baki biyu da kebul na ajiya, domin kebul ne ya fi saurin mutuwa. Soket ɗin Nijar irin na Faransa ne mai ramuka biyu zagayayyu, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta.

Kada ka bar waya a kan gaban mota cikin rana tana caji tana kuma nuna hanya. Zafi uku ne ke haɗuwa, wayar za ta rage gudu ko ta kashe kanta, batirin kuma yana lalacewa. Wayar da ke ɗauke da taswira ba ta kallon katun ba ce, yara a ba su wata. Ƙaramar rakani-kashi mai cikakken caji a jakar Hajiya ita ce inshorar da ta fi kowace arha.

Hutunmu damina ne

Hutun Bature lokacin rani ne mai daɗi. Namu dogon hutun yana faɗawa ne a watan Agusta, tsakiyar damina. A 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. A farkon Satumbar shekarar tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwan sama. Ambaliyar ta sa gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba.

Taswirar da ka sauke ba ta san kwalbatin da ruwa ya tafi da shi daren jiya ba. Ka duba hasashen hukumar NiMet, amma ka fi ba da ƙarfi ga kiran wanda ke can da safiyar tafiya. Idan kuka tarar ruwa yana gudu a kan hanya, ku tsaya, ku jira, ko ku juya. Ka bar kwana ɗaya a cikin shirin wanda ba a tsara masa komai ba, saboda irin wannan ranar. A sa gidan sauro da magungunan tsofaffi a kaya, da sunayen magungunan a rubuce.

Kar ka yi tallan tafiyarku

Na san daɗin ɗora hoto a status, mota cike da kaya, an rubuta "Damagaram ga mu nan". Wannan sanarwa ce cewa gidanku babu kowa, kuma ga hanyar da mota mai ɗauke da kuɗi da mata da yara za ta bi. Ka ɗauki hotunanka, ka ɗora bayan kun dawo. Wurin da kuke kai tsaye mutum ɗaya ko biyu a gida za ka tura wa. Tunda shi ma yana tsayawa idan data ta yanke, ku yi alkawari da baki: zan kira idan mun tsallaka, zan kira idan mun isa, idan ƙarfe kaza ta yi ba ka ji ni ba ga lambar da za ka nema. Kada kuma a ɗaga waya ana ɗaukar shingen jami'an tsaro ko ofishin iyaka, a kowane ɓangare.

"Ai kullum mutane suna tsallakawa"

Na san wani zai ce wannan duk tsoratarwa ce. Kakanninmu sun yi ta zuwa Damagaram ba fasfo ba waya, sarakunan Gumel ma sun taɓa zama a Tumbi, wadda yau take cikin Nijar, kuma har gobe 'yan kasuwa da masu babura suna shiga suna fita.

Gaskiya ne, kuma wannan hujja ce a gare ni. Ɗan kasuwar da ke tsallakawa duk mako yana ɗauke da abin da kai ba ka da shi: ya san hanya da ka, jami'ai sun san fuskarsa, yana da mai masauki a kowane gari, sefa tana aljihunsa. Shirinsa gaba ɗaya ba ya buƙatar sabis. Kai kuma da za ka tuƙa motar gida mai lambar Najeriya ka nutsa cikin ƙasar da mutum bakwai, abin da ya tara cikin shekaru shi kake ƙoƙarin tarawa cikin mako biyu. Waya za ta taimaka maka ka tara shi, idan ka fara da wuri.

Wani kuma zai ce to a bar wayar mana, a bi direban haya kawai. Wannan ma zaɓi ne mai kyau, musamman a tafiyar farko. Sai dai ko a motar haya, kai ne za a tambaya ina takardar yaro, ina lambar Kawu, nawa ne jaka goma a naira.

Abin da ya rage namu

Akwai abu biyu da nake ganin ya kamata mu matasa masu waya mu sa a gaba. Na farko shi ne romin. A 2006 kamfanin Celtel ya cire kuɗin romin tsakanin Kenya da Tanzaniya da Yuganda, a 2007 ya faɗaɗa tsarin har ya haɗa da Najeriya da Nijar, shekara goma kafin Turai ta yi nata. ECOWAS ta fitar da dokar rage kuɗin romin a 2017, Ghana da Kwaddibuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu a 2023. Nijar da Mali da Burkina Faso ma sun sa hannu a kan tasu a ƙarshen 2024. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma dangi ne a ɓangarorin biyu. Ya kamata hukumar NCC da takwararta ta Nijar su ji daga gare mu, da wakilanmu a majalisa, cewa kiran uwa daga Dungas zuwa Gumel bai kamata ya zama kiran ƙasar waje mai tsada ba.

Na biyu yana hannunmu yau. OpenStreetMap kowa yana iya gyara ta kyauta. Idan ka buɗe taswirar ƙauyukanmu za ka ga wurare da yawa fili ne kawai, ko suna a karkace. Duk wanda ya yi wannan tafiya zai iya sa alamar gidan mai, asibiti, masallaci da mai faci, ya ƙara sunan gari da Hausa kusa da na Faransanci, ya nuna inda kwalta ta ƙare. Babu wani injiniya a Amurka da zai zo ya yi mana wannan.

Ku je ku ga dangi. Ku kai yara unguwar Birni da Zango, su ga fadar da ke tsaye tun zamanin Sarki Tanimu, su ji cewa Damagaram ce babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Zumunci a ƙafa yake, kuma tafiyar ta cancanci wahalarta. Amma kafin a tayar da mota, ka sa wayarka a yanayin jirgin sama, ka zauna da Yaya da Hajiya, ku bi shirin daga ƙofar gidanku har ƙofar gidan da za ku sauka. Inda kuka maƙale, nan ne aikin da ya rage.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.